Zango ɗaya a majalisa: lauyan Thomson da bashin manoman auduga

Wannan nazari ya bi sawun mutum ɗaya, Thomas E. Watson, lauya kuma editan jarida daga Thomson, wani ƙaramin gari a gabashin jihar Jojiya ta ƙasar Amurka. Sau ɗaya ya zauna a Majalisar Wakilai ta tarayya, daga 1891 zuwa 1893, kuma abin da ya kai shi can shi ne bashin da ya shaƙe manoman audugar yankinsa. Za a riƙa kiransa "lauyan" kawai.

## Mutumin da matsalar, 1856 zuwa 1887

An haife shi a watan Satumba 1856 a gidan masu gona da bayi. Bai cika shekara tara ba yaƙin basasar Amurka ya ƙare, bayi suka samu 'yanci, arzikin gidan ya fara zubewa. Karayar tattalin arzikin 1873 ta kwashe abin da ya rage. Ya yi shekara biyu a Jami'ar Mercer, kuɗi ya yanke, ya bari. Ya koma koyarwa a makarantar ƙauye yana karatun shari'a da kansa, aka ba shi izinin aikin lauya a 1875, ya zo ya buɗe ofis a Thomson. Allah ya yi masa baiwar baki. Shari'o'in kisan kai su suka fito da sunansa, har ya tara abin da ya sayi gonaki, ya sa 'yan haya suna noma masa. A 1882 ya shiga majalisar dokokin jiha, ya ajiye kujerar tun wa'adi bai cika ba.

Matsalar kuwa ga yadda take. Bayan yaƙi kuɗi ya yi wuyar gani a Kudancin Amurka. Bankuna kaɗan ne, kuma dokar bankunan tarayya ta hana su ba da rance a kan jinginar ƙasa, alhali ƙasar ita kaɗai ce dukiyar manomi. Sai mai kanti ya zama banki. Da farkon shekara manomi zai je kanti ya sa hannu, ko ya yi alama in bai iya rubutu ba, a takardar da ta jinginar da amfanin gonar da ko shuka ta bai yi ba. Daga nan sai ya riƙa ɗibar garin masara, naman gishiri, taki, yadi, bakin garma, mai kanti yana rubutawa a littafi. Kaya ɗaya farashi biyu: na mai kuɗi hannu daban, na mai bashi daban, sannan a ɗora ruwa a kai. Mai kanti ba ya son jinginar masara. Auduga yake so, don ba ta ruɓewa, ba a cinye ta a gida, kuma kullum da mai saye. Da kaka a kawo diloli, a ɗora a sikeli, a buɗe littafi, sau da yawa lissafi ya nuna da saura. Wannan sauran shi ne igiyar. Babu wani mai kantin da zai ba mutumin da amfaninsa ke jingine a wani wuri, don haka dole ya dawo nan baɗi. Shekara biyu, uku, sai alfadari ya tafi, sai gona ta bi shi, mai gona ya koma ɗan haya a ƙasar da ya gada. Duk wanda ya taɓa cin bashin hatsi da bazara ya biya ninki da kaka ya san ɗacin abin.

Ga kuma farashi yana gangarawa. A farkon shekarun 1880 labar auduga ta haura sent 10. Zuwa 1894 ba ta kai sent 5 ba. Manomi ya ƙara faɗin gona don ya cike giɓi, auduga ta yi yawa a kasuwa, farashi ya ƙara faɗuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Farar fata da baƙar fata duk igiya ɗaya ta ɗaure su, sai dai ta fi matse baƙaƙe, waɗanda akasarinsu ba su da ko taƙin ƙasa, noman a raba amfani da mai gona suke yi.

## Yaƙin algarara, 1888 zuwa 1889

Ƙawancen Manoma, ƙungiyar da ta taso daga jihar Texas, ta bazu a Jojiya wajen 1887. Ba ta karɓar lauyoyi da 'yan kasuwa da masu banki, saboda haka lauyan bai taɓa zama ɗan ƙungiya ba. Amma a 1888, da masu masaƙun algarara suka haɗa baki suka ɗaga farashin abin da ake naɗe dilar auduga da shi, shi ne ya zama ɗaya daga cikin manyan muryoyin ƙaurace wa sayenta. Manoma suka koma naɗe dila da yadin auduga. Ba a daɗe ba masu algarara suka sauko da farashi.

Wannan ya yi aiki, don abin da ake buƙata kawai shi ne kowa ya riƙe hannunsa. Gwaji na biyu bai yi ba. Ƙungiyar ta buɗe kantunan haɗin gwiwa don manoma su sayi kaya da araha, amma mutumin da ya fi kowa buƙatar kantin ba shi da tsabar kuɗi, amfaninsa kuma na jingine, bankuna kuwa suka ƙi ba kantunan rance. Daga nan ne shugabannin ƙungiyar suka fito da shirin da suka fi sa wa rai: gwamnatin tarayya ta gina sito-sito a yankunan noma, manomi ya ajiye amfaninsa, a ba shi rancen da ya kai kashi 80 cikin 100 na darajarsa da ruwa ƙanƙani, ya jira farashi ya tashi kafin ya sayar. Wannan sai da doka. Dole ke nan a shiga siyasa.

## Cin zaɓe da raba gari, 1890 zuwa 1891

A 1890 Ƙawancen ya gwada ƙwace jam'iyyar Dimokurat daga ciki. A Jojiya abin ya yi kamar ya yiwu: sun samu gwamna, sun samu rinjaye a majalisar jiha, sun ci kujeru 6 cikin 10 na Majalisar Wakilai. Ɗaya daga ciki ita ce mazaɓa ta 10, inda lauyan ya ka da mai riƙe da kujerar a zaɓen fid da gwani.

A Disamba 1891 majalisa ta zauna a Washinton. 'Yan Dimokurat suka shiga taronsu na jam'iyya don tsayar da kakaki, suka tsayar da Charles Crisp, shi ma ɗan Jojiya. Sauran wakilan manoma na Kudu duk suka shiga. Lauyan ya ƙi. Hujjarsa ita ce duk wanda ya shiga taron ya ɗaure kansa da matsayar jam'iyya, shi kuwa alkawarin da ya ɗauka wa masu zaɓensa na buƙatun manoma ne. Ya haɗu da 'yan tsirarun wakilan manoma na jihohin Yamma, irin su Jerry Simpson na Kansas, suka tsayar da shi takarar kakaki. Ƙuri'a 8 ya samu. Daga ranar ya zama jagoran sabuwar Jam'iyyar Jama'a a zauren, a gida kuma manyan jaridun Atlanta da Augusta suka sa shi gaba da sunan maci amana.

Ya ga wannan na tafe. Tun watan Oktoba 1891 ya kafa jaridar mako-mako a Atlanta mai suna People's Party Paper, don ya riƙa magana da manoma ba tare da ya bi ta hannun jaridun abokan hamayya ba.

## Cikin zauren, 1892

Ya kawo ƙudurori da dama, har da na harajin kuɗin shiga da na shirin sito. Ɗan jam'iyyar da ba ta kai mutum goma sha biyu ba a majalisa mai wakilai sama da 300 ba ya iya fito da ƙuduri daga kwamiti, kuma shirin sito bai zama doka ba. Ya nemi a binciki kamfanin Pinkerton, mai ba masu masana'antu hayar 'yan bindiga don murƙushe yajin aiki. Maganar ta samu ƙarfi bayan zubar da jinin Homestead a jihar Pennsylvania a Yuli 1892, kuma a 1893 aka hana gwamnatin tarayya ɗaukar irin waɗannan mutane haya. Ya kuma rubuta cewa ya ga 'yan majalisa a buge a cikin zaure, abin da ya sa aka kafa masa kwamitin bincike, ya ƙara yawan maƙiyansa a wurin da yake neman masu mara masa baya.

## Zaɓen Nuwamba 1892

Kafin zaɓe majalisar jihar ta sake shata iyakokin mazaɓarsa yadda za ta yi masa wuya. Dimokurat suka tsayar da James Black, lauya daga Augusta, babban birnin mazaɓar.

Lissafin lauyan mai sauƙi ne. Baƙar fata suna da ƙuri'a bisa doka a lokacin, ko da yake harajin zaɓe da ke taruwa wa mutum shekara kan shekara, tun tsarin mulkin jihar na 1877, ya riga ya tankaɗe matalauta da yawa. In matalautan farare da na baƙaƙe suka jefa ƙuri'a wuri ɗaya, sun fi ƙarfin masu kanti da masu banki. Ya riƙa gaya musu cewa an raba su ne don a ji daɗin tatsar kowanne shi kaɗai. Ya la'anci kisan da gungun mutane ke yi wa baƙaƙe ba tare da shari'a ba. Ya kamata a faɗa cewa ko a wannan lokaci bai taɓa yarda da daidaito a zamantakewa ba, haɗin kan aljihu da na akwatin zaɓe kawai yake kira gare shi. Duk da haka, a Jojiya ta 1892 wannan ma ba ƙaramar magana ba ce.

Wani matashin fasto baƙar fata, H. S. Doyle, ya yi masa jawabi 63 a wannan yaƙin neman zaɓe. A ƙarshen Oktoba aka yi barazanar rataye shi a Thomson, ya gudu gidan lauyan. Lauyan ya ba shi masauki a cikin harabar gidansa, ya tura mahaya su shiga ƙauyuka su yi yekuwa. Dare guda manoma farar fata suna kwararowa da bindigoginsu. Gari na wayewa titunan Thomson sun cika da kekunan doki da dawakai masu kumfar gajiya, mutum wajen 2,000. Suka raka lauyan da faston har bakin kotun gari, inda aka yi jawabi, suka kuma kwana biyu suna gadi. Ba a taɓa Doyle ba.

Ranar zaɓe aka ga iyakar wannan ƙarfi. Jojiya ba ta da ƙuri'ar sirri sai 1922. Kowace jam'iyya ita ke buga takardarta, don haka mai gona ko mai masaƙa na iya tsayawa ya ga wadda ɗan hayarsa ko lebura ya jefa. A Augusta an yi jigilar baƙaƙen leburori a amalanke, har daga Karolina ta Kudu ta ƙetaren kogin Savannah, ana ba su kuɗi da giya suna jefawa suna sake jefawa. Ƙuri'un da aka ƙirga a gundumar Richmond, inda Augusta take, sun kusan ninka adadin masu haƙƙin zaɓe. Lauyan ya yi rinjaye a karkara, aringizon birni ya binne shi. Ya kai ƙara gaban majalisar, wadda Dimokurat ke riƙe da ita, aka tabbatar wa Black kujerar.

## Dala 10,000, Fabrairu 1893 zuwa 1902

Ya rage masa 'yan makonni ya bar majalisa, ya riga ya faɗi zaɓe, sai ya kawo ɗan gyara a kasafin kuɗin gidan waya: a ware dala 10,000 don gwada kai wa mutanen karkara wasiƙa har gida kyauta.

Mazauna manyan birane suna samun wannan tun 1863. Mutanen karkara kuwa, wajen miliyan 41 a 1890, kusan kashi 65 cikin 100 na al'ummar ƙasar, kan sarki ɗaya suke saye da na birni, amma sai sun bar aiki sun ɗaura wa doki sirdi sun tafi gidan waya, wani lokaci su tarar babu komai. Sau da yawa gidan wayar ma a cikin kantin mai bin su bashi yake. Editan da masu karatunsa manoma ne ya san wannan ciwo sarai.

Gyaran ya wuce. Ba shi ne farkon mai wannan tunani ba, don shugaban gidan waya John Wanamaker ya gwada irinsa a wasu ƙananan garuruwa a 1891, ƙungiyoyin manoma kuma sun daɗe suna kira. Amma wannan ne kuɗin farko da majalisa ta ware domin karkara. Shugaban gidan waya na gaba ya ƙi kashe su, yana ganin aikin ya fi ƙarfin baitulmali. Majalisa ta ƙara kuɗi, kuma ranar 1 ga Oktoba 1896 aka fara raba wasiƙu a ƙauyukan jihar Virginia ta Yamma. Da manoman wasu wurare suka ji, takardun koke suka yi ta sauka a teburin 'yan majalisa na kowace jam'iyya. A 1902 aka mai da shi tsari na dindindin. Manomi ya fara ganin farashin auduga a jarida kafin ya kai dila kasuwa. Gidan waya ya ce ba zai bi hanyar da ba ta biyuwa ba, sai gundumomi suka shiga gyaran hanyoyi da gadoji. Da aka fara kai ƙunshin kaya ta gidan waya a 1913, iyali na iya yin odar kaya daga nesa ba tare da sun taka kantin gari ba.

## Faɗuwa uku a jere, 1894 zuwa 1896

Lauyan ya sake karawa da Black a 1894, shekarar da auduga ta faɗi warwas. Maguɗin Augusta ya fito fili har shi Black ɗin ya yarda ya ajiye kujerar a sake zaɓe. Aka sake a 1895, Black ya sake ci. A 1896 Jam'iyyar Jama'a ta mara wa ɗan takarar Dimokurat, William Jennings Bryan, baya a zaɓen shugaban ƙasa, ta tsayar da lauyan mataimaki. Dimokurat suka ƙi janye nasu mataimakin, wani mai banki daga jihar Maine. Bryan ya faɗi, lauyan ya tashi da ƙuri'a 27 ta wakilan zaɓe, jam'iyyar kuma ba ta sake miƙewa ba. Ya koma Thomson, ya koma kotu, ya shiga rubuta littattafan tarihi.

## Juyawa, 1904 zuwa 1917

Ya dawo siyasa a 1904 da wata fassara ta abin da ya same shi. A ganinsa muddin baƙaƙe na da ƙuri'a, za a yi ta saye da tilasta ƙuri'ar tasu a karya farar fata masu neman gyara. Maganin da ya kawo shi ne a raba baƙaƙe da ƙuri'ar. Ya yi tayin mara baya ga duk ɗan Dimokurat da zai yi haka, ya taimaki Hoke Smith ya ci zaɓen gwamna a 1906, shekarar da gungun farare suka karkashe baƙaƙe a titunan Atlanta, kuma a 1908 aka gyara tsarin mulkin jihar da sharuɗɗan iya karatu da mallakar dukiya. Takararsa ta shugaban ƙasa ta nuna inda jam'iyyarsa ta kwana: ƙasa da ƙuri'a 120,000 a 1904, ƙasa da 30,000 a 1908.

Ya kafa maɗaba'a a Thomson, yana buga jaridar Jeffersonian. Ta koma zagin baƙaƙe da 'yan ɗarikar Katolika, har da kare kisan rataya da ya taɓa la'anta. A 1913 aka kashe wata yarinya 'yar shekara 13, Mary Phagan, a wata masana'anta a Atlanta, aka yanke wa manajan wurin, Leo Frank, Bayahude, hukuncin kisa a shari'ar da ta cika da shakku. Lauyan ya sa jaridarsa ta yi ta hura wutar ƙin Yahudawa mako bayan mako, yawan kwafin da ake bugawa ya tashi daga 25,000 zuwa 87,000. Gwamna John Slaton ya sassauta hukuncin zuwa ɗaurin rai da rai a Yuni 1915. A watan Agusta wasu mutane suka sato Frank daga kurkuku suka rataye shi kusa da Marietta, jaridar kuma ta yaba musu. A 1917, da ya yi adawa da tilasta wa matasa shiga soja, gwamnati ta hana gidan waya ɗaukar jaridar, ta mutu.

## Inda aka kwana

Ya ci kujerar Majalisar Dattawa a 1920, ya rasu a Satumba 1922 bai cika shekara biyu a kanta ba. Mutum-mutuminsa ya tsaya a ƙofar majalisar dokokin Jojiya daga 1932 har 2013, aka ɗauke shi zuwa ƙetaren titi. Bashin jinginar amfani kuwa ya daɗe bayansa. Dokokin rancen noma da na sito sun zo a 1916, abin da ya fi kama da shirin sito na Ƙawancen sai a 1933, kuma tsarin bai mutu ba sai da ƙwaron auduga, da ƙaura zuwa birane, da injin noma suka watsa noman haya.

## Me ya yi aiki, me ya faɗi

Abu biyu suka yi aiki, ƙaurace wa algarara da wasiƙar karkara, kuma dukansu ba su bi ta hannun masu ƙirga ƙuri'a a Augusta ba. Na biyun ya wuce ne don kuɗin kaɗan ne, bai taɓa aljihun mai banki ba, kuma kowane ɗan majalisa mai ƙauye a mazaɓarsa yana da riba a ciki. Shirin sito zai ƙwace wa mai kanti da mai banki sana'arsu kai tsaye, don haka sai da rinjaye, rinjaye kuwa sai da zaɓe na gaskiya. Ƙin shiga taron jam'iyya a 1891 ya kare masa alkawarinsa, ya kuma bar shi ba shi da kowa a ranar da ƙararsa ta zo gaban majalisa. Ina ganin ya yi daidai a nan, ko da yake tsadar abin a fili take.

Abin da ba zan iya nema masa uzuri a kai ba shi ne 1904. An zalunce shi sau uku, wannan gaskiya ne. Amma ya san waɗanda suka biya kuɗin amalanke da giya, ya san waɗanda suka cika akwatuna. Leburan da aka ɗora a amalanke ba shi da ikon cewa a'a ga mai gidan da ke tsaye a kansa. Maganin da lauyan da kansa ya taɓa nema, wato ƙuri'ar sirri da ƙirga na gaskiya, yana nan bai tafi ko'ina ba. Ya bar jaki ya koma dukan taiki. Sharuɗɗan 1908 sun share akasarin mutanen da Doyle ya yi wa jawabi 63 daga rajistar zaɓe, harajin zaɓe kuma ya ci gaba da tankaɗe matalautan farare, irin waɗanda suka kwana biyu suna gadin faston da bindiga a Thomson.